Yadda ake gudanar da zaman jinyar zuciya ta wasan kwaikwayo a intanet lokacin annoba

Dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Makka da Madina saboda annobar korona ranar 2 ga Afrilu 2020 ta sami mutanenmu a mawuyacin hali. An riga an dakatar da Umara, makarantu a rufe, jiragen ƙasashen waje sun daina tashi tun 15 ga Maris. Hausawan unguwannin Shari Mansur da Hindawiyya a Makka, da na Karantina da Gulail a Jidda, da yawansu daga hidimar baƙin Allah suke samun na tuwo: mai tura keken tsofaffi a Harami, mai aikin otal, mai dafa abincin sayarwa. Duk ya tsaya cak. Ga rasuwa ba zaman makoki. Mace za a bugo mata cewa mahaifiyarta ta cika a Kano ko Damagaram, ta yi kukanta a gaban yara, ba maƙwabciyar da za ta shigo ta dafa mata kafaɗa.

A lokacin ne irinmu masu aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa muka kwashe zaman rukunin da muke yi ido da ido muka mai da shi kan waya. Na jagoranci irin wannan zama sau da dama, kuma ga yadda nake tsara shi. Da 'yar'uwata mace nake magana domin rukunonin mata nake riƙewa. Namiji mai rukunin maza zai iya bin matakan yadda suke, amma kada a gwama, mutanenmu ba sa sakin jiki a haɗe.

Abin da za ki fara sani

Likita Jacob Moreno, wanda ya tashi a Biyana ya koma Amurka a 1925, shi ya kafa tushen wannan hanya. Ya lura cewa abin da mutum ya kasa faɗa a zaune yakan fito idan an ce ya tashi ya kwaikwaya. Ya raba zama kashi uku: share fage, wasan kansa, sai faɗin abin da wasan ya taɓo wa kowa. Har yau a kan wannan ake tafiya.

Sirrin aikin yana ga tazara. Damuwa kamar wutar murhu take, wadda ta matsa da yawa za ta ƙone, wadda ta yi nisa ba abin da za ta dafa. Tatsuniya da 'yartsana da sunan aro suna ƙara tazara. Ainihin labarin mutum da sunayen mutanen gidansa suna rage ta. A intanet ba ki da halin miƙa hannu ki riƙe wadda ta fashe da kuka, don haka kullum daga nesa ake farawa, a matso a hankali.

Jinya aikin masu horo ne, kuma a Saudiyya akwai hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi. In ba ki da horon, ki kira abinki zaman tallafa wa juna, ki tsallake mataki na 6 gaba ɗaya, ki kuma sami mai lasisi wadda za ki riƙa tura mata wadda lamarinta ya fi ƙarfinki.

Kayan aiki

Ke mai jagora kwamfutar cinya kike buƙata. Dalili shi ne manhajar taron bidiyo ta Zoom a waya fuskoki kaɗan kawai take nunawa a shafi guda, a kwamfuta kuwa za ki ga kowa lokaci ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ba kya ganin fuskokin kin rasa rabin aikinki. Ki ajiye waya a gefe da kuɗin kira a ciki, da littafin da kika rubuta lambar kowace mace da ta wani nata.

Ki nemi mataimakiya. Ita ce mai shigo da mutane, mai kiran wadda layinta ya yanke, mai keɓewa da wadda ta rikice. In ba ki samu ba, kada rukunin ya wuce mutum huɗu. In kin samu, shida zuwa takwas ya isa.

Kowace mahalarciya ta tanadi waya mai caji, da abin sauraro na kunne don kada gida ya ji muryoyin sauran, da abin da za ta jingina wayar ta sami hannu biyu (gwangwanin madara ma ya wadatar). Sai mayafi ko gyale guda biyu masu launi daban, ludayi ko cokalin katako, kujera ko filo, takarda da biro, da kofin ruwa. Data kuwa, zaman bidiyo na rukuni yakan ci kusan giga ɗaya a awa. Ki faɗa musu tun farko, domin a gidan da aiki ya tsaya wannan kuɗi ne.

1. Ki gana da kowace mace ita kaɗai

Kafin ki buɗe rukuni, ki kira kowa na minti ashirin. Ki tambaye ta inda za ta zauna lokacin zaman, su wa ke gidan, da ko akwai ƙofar da za ta rufe. Ki tambaye ta barci da cin abinci, da ko tana shan wani magani. Sannan ki yi tambayar da ke da nauyi a baki, kai tsaye kuma a natse: ko tunanin cutar da kanta yana zuwa mata, ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ana dukanta a gida. Wadda ta amsa da e ga ɗaya daga cikinsu likita take buƙata tukuna, rukunin wasa ba wurinta ba ne yanzu. Wadda aka yi wa rasuwa cikin makonni kaɗan ma ki bar ta ta ɗan huce, ki riƙa kiranta ita kaɗai.

Kada ki tambayi kowa zancen iƙama (takardar izinin zama a ƙasar) ko kafili (mai ɗaukar nauyin zaman baƙo). Wata za ta ji tsoron ba ki adireshinta saboda wannan, to ki karɓi lambar 'yar'uwa ko maƙwabciyar da za ta iya isa gare ta cikin minti kaɗan. A lokacin korona nakan tuna musu da umarnin da Sarki Salman ya bayar a ƙarshen Maris 2020 cewa a yi wa kowa maganin cutar kyauta har da wanda takardunsa ba su cika ba, domin tsoron asibiti na cikin abin da ke hana su barci.

Unguwanninmu kowa ya san kowa. Kada ki haɗa kishiyoyi, ko suruka da matar ɗanta, ko mai bin bashi da wadda ake bi. Ki karanta wa kowace sunayen sauran kafin ranar farko, ta gaya miki in akwai wadda ba za ta iya magana a gabanta ba.

2. Lokaci da saitin manhaja

Zama takwas, sau ɗaya a mako, awa ɗaya da kwata zuwa da rabi. Tsakanin Magariba da Isha'i a kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya minti 90 ne, in an cire salla da abincin yara ba abin da ya rage, saboda haka bayan Isha'i ya fi. A gidajen da yara ke karatu a Madrasati, manhajar karatu daga gida ta makarantun Saudiyya, ki tambayi lokacin darasinsu, domin sau da yawa wayar uwar ce ajin. In akwai wadda rufe jirage ya rutsa da ita a Najeriya ko Nijar, ki tuna Saudiyya tana gabansu da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya.

A Zoom ki kunna ɗakin jira da lambar sirri, ki kashe damar naɗar zaman, ki kulle ɗakin da zarar kowa ya shigo. Na kyauta yana yankewa bayan minti 40. In ba ki da na biya, ki tsara hutun shan ruwa daidai wurin, kowa ta sake shigowa ta mahaɗin farko. Abin da za ki kiyaye shi ne kada yankewar ta faɗo a tsakiyar wasan wata, don haka mataimakiya ta riƙa duba agogo. Ki nuna wa kowa yadda za ta ɓoye hoton kanta daga idonta. Mace in tana kallon fuskarta, gyaran ɗankwali za ta yi ta yi.

3. Ranar farko ta alkawari ce

Kada ki yi gaggawar wasa. A faɗi sharuɗɗa da baki, kowa ta amsa da muryarta: abin da aka ji a nan amana ne, ba naɗar murya, ba ɗaukar hoton allo, ba kai labari ko ga miji. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya da tarar da za ta kai riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya. Nakan ambace ta sau ɗaya, amma kalmar amana ta fi ta aiki a zukatanmu. A kuma yarda cewa ba a kama sunan kafili ko ma'aikata ko hukuma. A ce "mai gidan da nake aiki", ya wadatar.

Ku tsai da alamar da mace za ta yi in wani ya shigo mata ɗaki, misali ta ɗaga kofin ruwanta. Da an ga haka kowa ta yi shiru, ke kuma ki koma zancen girki har ta ajiye kofin.

Zancen kyamara sai an bi a sannu. Wata ba za ta buɗe fuska ba don gudun kada namiji ya gifta ta bayan wata, wata kuma kunyar ƙuncin ɗakinta take ji. Kada ki tilasta. Ta zauna da niƙabinta, ko ta karkata wayar ta nuna hannayenta kawai. Hannu yana wasa sosai. Abin da ba na yarda da shi shi ne baƙin allo daga farko har ƙarshe, domin sauran za su ji kamar ana leƙensu.

Za a sami mai tambaya ko wannan shiga halin wani ba ya kama da bori. Ki amsa mata da girmamawa: ba wanda ake kira, ba abin da ke hawa kan kowa, hankalinki na jikinki, kuma duk sanda kika ce a tsaya an tsaya. Ya fi kusa da tashen da yara ke yi da azumi, ko wasan 'yartsana da muka yi muna ƙanana. Ki ƙara da cewa ba a kwaikwayon annabawa ko sahabbai ko mala'iku.

4. Share fage

Minti goma sha biyar a kowane zama. Ki sani sauti yana jinkiri a intanet, manhajar kuma murya ɗaya take fifitawa, don haka waƙa ko tafi tare ba ya yiwuwa, hayaniya kawai za a ji. Abin da ke tafiya shi ne kira da amsawa, mu kuwa mun gaje shi. Ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa ɗaya bayan ɗaya, "Ta zo mu ji ta".

Ki ce kowa ta faɗi sunanta da motsin da ke nuna yadda ta wuni, sauran su maimaita motsin. Ko ku yi miƙa kaya: ki ɗauki abin da ba a gani, ki ce tulu ne mai nauyi, ki miƙa shi ta gefen allo ki kira sunan wata, ita kuma ta karɓa ta mai da shi wani abu. Dole a kira suna, domin jerin fuskoki a allon kowa daban yake. Wanda na fi so shi ne a ba su minti ɗaya kowa ta ɗauko abu guda a ɗakinta ta ba shi baki. Wata dattijuwa ta taɓa ɗauko takalmin da take zuwa Harami da shi, ta sa shi ya ce, "Hajiya, laifin me na yi kika jingine ni?" Aka yi dariya, sai dariyar ta koma share hawaye, kuma ba wadda ta ji an tone ta.

5. Aiki da tatsuniya

Daga zama na biyu zuwa na huɗu a nan za ki tsaya. Rukunin ya ƙirƙiri tatsuniya tare, kowa ta ba da guntu: wace ce jarumar, me take nema, me ya tare mata hanya, wa ya taimake ta, yaya ta yi, ina aka kwana. Gizo da Ƙoƙi suna da amfani domin kowa ta san halinsu. A ce sarki ya hana fita a garin su Gizo, rumbu kuma ya ƙare. A ɗaura wa ludayi gyale ya zama Ƙoƙi, a riƙe shi kusa da kyamara. Masu wasa biyu ko uku su bar kyamararsu a kunne, sauran su kashe makirufo su zama 'yan kallo.

Za ki ji Ƙoƙi tana faɗa wa Gizo maganar da matar ba ta taɓa iya faɗa wa mijinta ba, game da kuɗin haya da zaman gida da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. A nan masu koyo suka fi yin kuskure: sai su ce, "Ashe ke ce Ƙoƙin nan." Kada ki yi. Ta sani, kowa ma ta sani. Da kin faɗa kin yaye mata mayafin da ta rufa da shi ta yi magana. Ƙoƙin za ki tambaya: "Ƙoƙi, me kike so Gizo ya gane?"

In wasan ya cije, ki ari dabarar Augusto Boal, ɗan Barazil mai wasan kwaikwayon talakawa: 'yar kallo ta ce a tsaya, ta karɓi matsayin Ƙoƙi ta gwada wata hanya. Mata uku sukan kawo mafita uku, mai matsalar tana kallo tana zaɓa, ba wadda ta yi mata wa'azi.

6. Matsowa kusa

Daga zama na biyar, in rukunin ya riƙe amana kuma kina da horo, mace ɗaya a kowane zama za ta iya kawo nata labarin. Ita za ta nema, ba ke za ki zaɓa ba.

Musayar matsayi ita ce babbar dabara. Ta ajiye filo a gefe a matsayin wanda take son yi wa magana, a ce ɗanta da ya daina jin magana tun da aka rufe makaranta. Ta faɗa masa abin da ke ranta. Sai ki ce ta yafa gyale na biyu, ta koma wurin filon, ta amsa da bakinsa. Canza wurin zama da gyalen wajibi ne, domin a allo shi kaɗai ke nuna an canza mutum. Sau biyu ko uku ya isa, kuma a bakinta ake ƙarewa, ba a bakin ɗan ba.

Akwai kuma muryar zuci. In maganar ta maƙale mata, wata ta nemi izini ta faɗi abin da take zaton yana zuciyarta: "Yaya, in ce wani abu a madadinki?" In ta yarda, ta ce, "Na gaji, kuma ina jin kunyar cewa na gaji." Mai labarin ta maimaita in daidai ne, ta gyara in ba daidai ba. Gyaran nata shi ne gaskiya.

Batun mamaci ya fi komai nauyi, kuma shi ya fi yawa a shekarar. Ba na barin kowa ta ari bakin mamaci ta yi magana kamar daga kabari, zukatanmu ba sa karɓar haka. Abin da nake yi shi ne mu shimfiɗa zaman gaisuwar da annoba ta hana. Mai rashin ta zauna, sauran su kashe kyamara, sai su riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya kamar masu sallama a ƙofa: "Salamu alaikum. Goggo, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta." Ta amsa wa kowa. Sannan ta ba da labari guda na mamaciyar, a rufe da addu'a. Kada ki cika wurin da magana in ta yi shiru. Ki ce, "Muna nan, Goggo, ba ma sauri", ki jira.

7. Tuɓe rigar wasa

Ko lokaci ya ƙure, a rage wasa, kada a rage wannan. Wadda ke zuwa zama ido da ido tana da hanyar komawa gida da za ta huce a cikinta. Wadda ke kan waya kuwa tana kashewa sai ga yara da tukunya. Ki ware minti ashirin. Kowace mai wasa ta cire gyalen, ta karkaɗe hannu, ta ce, "Ni ba Ƙoƙi ba ce, ni ce wance." A kwance ludayin a mai da shi kicin, filon ya koma gado. In an bar shi a wurin, za ta kwana tana ganin wanda ta yi wa magana.

Sai zagayen faɗin abin da ke rai. Doka ɗaya ce: kowa ta faɗi abin da wasan ya taɓo a rayuwarta, ba shawara, ba "da ni ce ke". Manyan mata za su so yin nasiha, da kyakkyawar niyya. Ki tare cikin ladabi: "Hajiya, mun gode, amma ke fa, ina ya taɓa ki?" A ƙare da abu guda da aka saba kowane mako, a sha ruwa tare, kowa ta faɗi abin da za ta yi da ta ajiye wayar, a ce ƙurunƙus.

8. In abu ya rikice

In numfashin wata ya sarƙe ko kuka ya ƙi tsayawa, ki dakatar da wasan, ki kira sunanta, ki ce ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta kurɓi ruwa, ta lissafa miki abu biyar da take gani a ɗakin. In bai lafa ba, mataimakiya ta shiga ƙaramin ɗaki na manhajar da ita, ke ki zauna da sauran, domin su ma sun tsorata. In layin wata ya yanke a tsakiyar magana mai nauyi, a kira ta a waya nan take. Wadda ta furta niyyar cutar da kanta, ki kira wanda ta ba ki lambarsa, kada a bar ta ita kaɗai. Motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, a yankin Makka akwai 911, layin ma'aikatar lafiya 937, na shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa kuma 920033360.

In data ta gagara, a kashe bidiyo bayan share fage a yi wasan da murya kamar na rediyo, amma a tsaya a tatsuniya, kuma ki riƙa kiran kowa da suna ki ji muryarta. In ma wannan bai samu ba, ku buɗe rukunin WhatsApp na awa guda a mako ku gina tatsuniyar da saƙon murya, tunda a lokacin annobar kiran WhatsApp ba ya tafiya a yawancin layukan Saudiyya. Ba a kawo labarin kai ta wannan hanya, domin saƙon murya ana iya tura shi ko'ina. A goge komai bayan awar.

Tun zama na shida ki fara tuna musu cewa saura biyu. A na ƙarshe ba a buɗe sabon labari. Kowa ta ɗauko abin da ta fara ba baki a makon farko ta ji me zai ce yanzu, ta kuma faɗi mutum ɗaya a wajen rukunin da za ta riƙa kira in abin ya taso. Ke ma ki sami abokiyar aiki mai horo da za ki riƙa zantawa da ita bayan kowane zama ba tare da kama suna ba, domin annobar da ta kulle su ke ma ta kulle ki. Bayanan da kika rubuta ki sa musu haruffa a maimakon sunaye, ki adana inda yara ba sa kaiwa. Bayan wata guda ki kira kowace mace ita kaɗai, ki maimaita mata tambayoyin mataki na 1, wadda har yanzu barci ke gagararta ki haɗa ta da likita.